Hutun da Muka Yi a Zangon Kumasi

Mutanen Kano ba za su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya shigo gari da zafin bazara ya yi ta ɗibar yara. Autanmu yana cikin waɗanda suka tafi, yana ɗan shekara huɗu. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai da ta arba'in, gida ya cika ya watse. Duk wanda ya shigo sai ya ce "Ya haƙuri?", Inna ta ce "Da godiya", shi ke nan. Ba mai ambaton yaron, wai kada a fama mata ciwo. Ita kuwa sai ramewa take yi.

Ana nan sai ga kaset daga Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Kumasi, ta hannun wani mai fataucin goro. A lokacin haka ake gaisuwa da na nesa. Bayan ta'aziyya sai ta ce wa Baba: "Ka kawo mini Amarya da yara, in ka ƙi ni zan taso." Inna ta haifi biyar, amma har Gwaggo ta koma ga Allah Amarya take ce mata.

Da aka ba da dogon hutu muka kama hanya: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Akra, sannan Kumasi. Gajiyar kan iyaka kawai nake tunawa, da yadda gari ya yi ta komawa kore shar.

Zango ya ba ni mamaki. Ka ƙetare ƙasa biyu ka shiga ta uku, sai ka ji kiran salla da cinikin koko da ƙosai da Hausa. Mijin Gwaggo jikan fatake ne da suka bi goro zuwa Gwanja. Bayan yaƙin da ya watsa kasuwar Salaga a 1892 danginsu suka gangaro kudu. Ko a 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, da yawa sun dawo Najeriya, su kuwa suka zauna. Mutanen da suka saba da rabuwa ne, kuma ina ganin shi ya sa suka iya riƙon mai baƙin ciki.

Gwaggo ba ta taɓa ganin Auta ba. Wannan ne ya zama maganin. A daren farko, tana tuƙa tuwo, ta dubi Inna ta ce: "Amarya, ba ni labarin yaron nan. Wa ya ɗauko? Me yake so?" Inna ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba. Sai ta fara: yadda yake ƙin wanka, yadda yake bin mai yalo har bakin titi, yadda yake saka takalmin Baba yana jan ƙafa. Ta yi kuka, Gwaggo ba ta ce ta yi shiru ba. Can kuma na ji dariyarta, wadda rabona da ita tun bazara.

Daga nan kullum Gwaggo sai ta ja ta kasuwar Kejetia, su dawo da doya da ayaba, ruwan sama ya jiƙe su. Baba ma, da muke ganin dutse ne, na taɓa hango shi bayan la'asar yana share ido a gaban surukinsa.

Mun dawo Kano da huhun goro da atamfa, Inna kuma ta koma kitsonta da ta ajiye. Har yau, idan aka yi rashi a dangi, ita ce ke zama kusa da uwar ta tambaye ta halin mamacin. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa Auta mai ceto ne.