Farashin Shekara Guda

Fam 776 ba ta taka kara ta karya ba a lissafin digiri na biyu na shari'a a Birtaniya. Kuɗin kula da lafiya ne na shekara, wanda ɗalibin waje ke biya tun bai taka ƙasar ba. Amma bayanta akwai kuɗin makaranta da kan haura fam 20,000, a Oxford da Cambridge ma ya kai ninkin haka, ga haya, ga biza. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, har fam ɗaya ta wuce naira 2,000 a 2024, karatun shekara guda ya koma gumin shekaru ga dangi gaba ɗaya. Wasu za su ce ai jari ne, kuma da gaskiyarsu, don laburare da malamai da abokan da ake samu a can suna da daraja. Sai dai jari yakan nemi riba, kuma nan ne abin ke damuna. Lauyan da aka sayar da gona dominsa ba shi da sukunin tsayawa talaka a ƙaramar kotu. Bashin da ke wuyansa zai ja shi ofisoshin manyan kamfanoni, ko ya hana shi dawowa. Akwai tallafi irin na Chevening, wanda ke sharɗanta komawa gida na shekara biyu, amma gurabensa kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Sauran sai su auna aljihun iyayensu kafin su auna basirarsu.