Rasit ɗin da ya koma fari fat

Bayan ƙaramar salla na sari buhunan sukari wajen wani dila da muka daɗe muna hulɗa a nan Ibadan. Na biya rabin kuɗin ta POS, yaronsa ya yago min rasit, na ninke na cusa a walat. Bayan wata huɗu na je biyan ciko, sai lissafi ya saɓa, littafinsa bai nuna biyan farko ba. Na zaro rasit da ƙarfin gwiwa, ina warwarewa sai ga takarda fara fat. Wallahi sai da zufa ta karyo min. Ba kuɗin ne suka fi damuna ba, mutuncina nake ji: a ce mai jan salla a Sabo yana da'awar biyan da bai yi ba? Allah ya taimake ni, takardar bayanin asusu da na karɓo a banki ta raba gardama.

Daga baya na tambayi wani yaronmu mai gyaran waɗannan injina. Ashe babu tawada a cikinsu ko ɗigo. Takardar ce aka shafe da sinadari mai yin baƙi idan ya ji zafi, injin kuwa ɗumama wurin rubutun kawai yake yi. Ka karce ta da farce, za ka ga baƙin layi. Shi ya sa masu shago da bankuna suke sonta: ga sauri, ga araha, ba sayen tawada, ba yawan lalacewa. An yi ta ne don shaidar yau da gobe, ba don ajiya ba. Rana, zafin aljihu, maiƙo, turare da leda duk suna cinye rubutun. Kada ma ka kai a manne ta da roba mai zafi, baƙi ƙirin za ta koma.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutun da zai goge kafin lokacin biya bai cika wannan manufa ba. Ni dai yanzu, rasit na shiga hannuna nake ɗaukar hotonsa a waya, in rubuta kwanan wata da adadin kuɗi da biro a littafina, mai kaya ya sa hannu. Idan kuɗin da yawa, in yi fotokwafi.

Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya sa albarka a nemanmu.