Gidajen Tarihin da Tsohon Inji Bai Yi Ritaya Ba

Bashi ne ya raba Rembrandt da gidansa, bashin nan kuma shi ya sa a yau ake iya ganin gidan yadda yake a zamaninsa. Mashahurin mai zanen na ƙasar Holan ya sayi gidan a Amstadam a 1639 a kan gilda 13,000, kuɗin da bai taɓa gama biya ba. Da ya karye a 1656, hukuma ta bi ɗaki ɗaki tana rubuta duk abin da ya mallaka don a yi gwanjo. Wannan takarda ce masu gidan tarihin suka bi daga baya, suka mayar da gado inda gado yake, suka mayar da akwati inda akwati yake.

Sai dai ni, da na ziyarci gidan, ba gadon ne ya tsayar da ni ba. Wani ɗan ɗaki ne mai warin tawada, inda wata ma'aikaciya ta naɗe hannun riga tana nuna wa baƙi yadda ake buga zane da farantin jan ƙarfe. Ana shafe farantin da wani haɗi na kakin zuma da ƙaro, sai mai zane ya ɗauki allura ya yi zanensa a kan kakin. Allurar ba ta huda ƙarfen, buɗe masa fuska kawai take yi. Daga nan sai a tsoma farantin a ruwan asid, ya cinye wuraren da allura ta bi ya bar sauran. A wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman da tsumma. Gugar ƙarshe da gefen tafin hannu ta yi ta, a hankali, har hannun ya yi baƙi ƙirin, farantin kuma ya koma yana sheƙi kamar babu komai a jikinsa. Ta ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, ta rufa bargo, ta kama hannuwan wani injin katako ta murɗa da ƙarfinta, yana ƙara. Da ta ɗaga takardar sai ga hoto garau, amma abin da ke dama ya koma hagu. Mai wannan sana'a a juye yake tunani, kamar masu sassaƙa hatimi a bakin gidan waya.

Ƙanena da ke karatu a can, wanda ya yi mini rakiya, ya taɓa ni ya ce, "Yaya, ka lura ba wanda ya ɗaga waya sai da ta gama?" Gaskiyarsa. Yara da manya duk sun zuba ido a kan hannun matar.

Rembrandt ya yi irin wannan zane kusan 290, kuma mafi yawansu suna gidan. Abin da na fahimta bayan na ga aikin da idona shi ne dalilin da ya sa ake samun zane guda da fuskoki daban-daban. Mutumin ba ya barin faranti ya huta. Zai buga 'yan kofe, ya koma ya kankare wani wuri, ya ƙara duhu a wani, wani lokaci ya canza takarda zuwa ta Japan wadda ke shan tawada daban. Da hotunan kawai aka rataya mini a bango, da na wuce su ina gyaɗa kai ba tare da na gane komai ba.

A wani ɓangaren birnin akwai gidan Stedelijk, na fasahar zamani. Can ne gidan wani aiki na 1974 da ake kira TV Buddha, na Nam June Paik, ɗan Koriya da ya je Jamus a 1956 don karatun kiɗa ya ɓuge da ɓarke akwatunan talabijin. Aikin ba shi da wani tarkace: tsohon mutum-mutumin Buddha a zaune, ƙaramar talabijin a gabansa, kyamara a bayan talabijin ɗin tana ɗaukarsa kai tsaye. Yana kallon kansa, ba ya motsi, hoton ma ba ya motsi, alhali kowace daƙiƙa sabo ne. Ban ɗauke shi da wata ma'ana ta ibada ba. Zolaya na gani, kuma da mu masu kwana a gaban allo ake yi, tun shekaru hamsin da suka wuce.

Paik ɗin nan tun a Maris na 1963 ya fara, a birnin Wuppertal, cikin gidan wani mai zanen gine-gine, gidan da ake kira Galerie Parnass. Ya rataya kan wani sa da aka yanka a bakin ƙofa, ya baje talabijin goma sha wani abu da ya jagwalgwala cikinsu don hoton ya karkace. Ɗaya ta lalace a hanya, ba ta nuna komai sai layi guda na haske. Maimakon ya jefar, sai ya kwantar da ita a gefenta ya sa mata suna Zen for TV. Masana da yawa daga wannan baje koli suke ƙirga farkon fasahar bidiyo.

To a nan matsalar take. Farantin jan ƙarfe na ƙarni na 17, in aka kiyaye shi daga tsatsa, yau ma zai ba da hoto. Kaset na 1970 kuwa zarensa yana shan danshi ya yi danƙo, ya manne, ya zubar da garin da hoton ke ciki. Ko ya tsira, ina injin da zai karanta shi? Kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Talabijin mai doro ita ma an daina yinta, kuma aikin Paik ba ya zama a kan allon zamani mai faɗi, don da akwatin da hasken nasa duk cikin aikin suke.

Wannan ne ya kai ni Karlsruhe, a kudu maso yammacin Jamus, cibiyar ZKM. An kafa ta a 1989, ta tare a 1997 cikin wani makeken gini mai tsawon sama da mita 300, wanda a da masana'antar harsashi ce, tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun 2004 suna da sashe na musamman na tsofaffin na'urorin bidiyo, inda suka tara ɗaruruwan injuna: masu buɗaɗɗen faifai na Sony, U-matic, Betacam, har da nau'o'in da kasuwa ta yi watsi da su tun da wuri. Ba don ado suka tara su ba. Ana gyara su, a ciro kayan wannan a rayar da wancan, a tsabtace kaset, a kunna shi a injin zamaninsa, a kwafe hoton zuwa kwamfuta kafin zaren ya mutu. A zauren kallo na tsaya a bayan wata tsohuwar talabijin da ke aiki, ina jin siririn kukanta da ɗumin da ke fita ta ramukan bayanta. Wani ya biya mai gyara albashi don wannan ɗumi kada ya ɗauke. Wannan ya fi tsawon ginin burge ni.

Turawa suna da kuɗin da za su yi haka, ban musa ba. Amma mafi yawan abin da na gani haƙuri ne da girmama mai aikin hannu, ko mai tawada ko mai sukundireba.

Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, a kan kaset, haka ma ɗaruruwan finafinan Hausa da suka biyo bayansa, ga wa'azozi da bukukuwan naɗin sarauta da aka ɗauka a wancan zamani. Zarensu iri ɗaya ne da wanda ake ceto a Karlsruhe, zafinmu da ƙurarmu kuma sun fi nasu. Mai karatu, in akwai kwalin kaset a ɗakin ajiyarku, a fito da shi daga zafi da danshi, a nemi mai bidiyon da ke aiki a kwafe shi tun masu gyaran irin wannan inji suna nan a kasuwa.