Jan Bangon Da Muka Tono A Birnin Zazzau

Duk wadda ta shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ta gangara lungunan Babban Dodo, za ta ga gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar zaure. Gari ne na magina tun asali, don a nan Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830, da ƙasa da azara. To a ɗaya daga cikin lungunan nan gidan kakanninmu yake, can muka je gyaran ɗakin da amaryar Yaya za ta tare.

Ɗakin Hajiya Kaka ne na da, ta bar shi ta koma kusa da tsakar gida saboda ciwon ƙafa. Tun tasowarmu kore muka san shi, irin fentin man nan mai ƙyalli. Mai fenti ya sa wuƙa yana kankare inda ya kumbura, sai ga ruwan ɗorawa a ƙarƙashi. Ya ƙara, sai farar ƙasa mai shuni, ɓawo kan ɓawo, ta sallah bayan sallah. Can ƙasa kuma, 'yar'uwa, wani ja ne mai duhu kamar lallen da ya kwana a ƙafa, sumul, har da zanen dagi daidai inda kan gado yake.

Aka riƙo Hajiya Kaka ta shigo. Ta ɗora tafinta a wurin ta yi shiru, sannan ta ce, "Haka na same shi daren da aka kawo ni."

Wannan jan ba daga gwangwani ya fito ba. Jar ƙasa ce aka kwaɓa da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, irin wanda ake yayyafa wa daɓe. Ta ce uwar mijinta da maƙwabta ne suka wuni suna goge shi da dutse mai santsi har ya yi sheƙi. Ni dai a ganina ya fi koren kyau nesa ba kusa ba, kuma ba shi ne ya kumbura ba. Bangon ƙasa yana son ya sha iska. Fentin mai da siminti kuwa sai su tsare danshin damina a ciki, har yaɓen ya saki.

Nan fa gardama ta tashi. Gwaggo ta ce dangin amarya za su zo jere jibi, kada a ce an kai 'yarsu ɗakin tsofaffi. Gaskiyarta, kun san bakin mata ranar jere. Yaya ya rasa ta cewa, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, me kika gani?"

"Ɗakinta ne yanzu, ɗan nan, a tambaye ta."

Aka aika da hoto. Amarya ta ce a shafa mata ruwan madara ko'ina, amma a bar mata dagin da jansa, can za ta sa madubi a gefe.