Bekin foda na gida: abin da ciwon ɗiyar yayata ya koya mini

Yau a kicin za mu tsaya.

Ɗiyar yayata tana da shekara 7 likita ya tabbatar tana da cutar siliyak. Mai wannan cuta in ya ci gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, garkuwar jikinsa ce ke far wa ƙaramin hanjinsa, abinci ya daina amfanar jiki. Sai ki ga gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, yaro ya ƙi girma. A duniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100 na ɗauke da ita, kuma maganinta ɗaya ne: barin duk abin da ke da gulutin har abada.

Muka sallami burodi, taliya, alkaki da cincin, muka koma ga shinkafa, gero, dawa, masara da acca. Yarinya ta murmure. Da ƙaramar Sallah na yi mata kek da garin shinkafa don kada ta zauna tana kallon bakin 'yan'uwanta. Washegari ta tashi da murɗar ciki. Ni da nake karanta takardar magani kullum, ban tambayi abin da ke cikin bekin fodan da na saya a ƙulle a leda ba, ba suna, ba lambar NAFDAC.

Abu uku ke cikin bekin foda: bekin soda, sinadari mai tsami, da sitaci mai tsotse danshi. Yawancin kamfanoni da sitacin masara suke yi, amma akwai masu sa na alkama. Na awo kuwa, ko ludayin da aka ɗebi fulawa da shi ya isa ya ɓata shi. Tun ranar nake haɗa nawa.

Ga ma'auni: bekin soda cokalin shayi 1, kirim-of-tata cokali 2, sitacin masara cokali 1. Ana samun su wajen masu kayan kek a kasuwar Wuse ko Utako. Ki ɗauki wanda ke rufe cikin mazubinsa, ki karanta jikinsa. Ki tankaɗe su tare sau biyu, ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Kada ki haɗa da yawa, danshin daminar Abuja na kashe shi. In kina shakka, zuba rabin cokali a ruwan zafi: in ya yi kumfa, da ransa.

Na gida da ya taɓa ruwa yake fara aiki, don haka ki kunna oben tukuna, kina gama kwaɓi ki gasa.

Kirim-of-tata daga inabi yake, ana tattara shi ne a gangunan da ake yin giya, duk da cewa busasshen gari ne da ba ya sa maye. In hankalinki bai kwanta da shi ba, sa kwatan cokalin bekin soda da rabin kofin kindirmo a madadin cokali 1 na bekin foda, ki rage ruwan kwaɓin.

Ki kula da injin niƙa na unguwa. In an niƙa alkama kafin shinkafarki, aikin ya ɓaci. Niƙa a gida ya fi. Mai hawan jini ya tuna akwai sodiyam a bekin soda, mai ciwon ƙoda kuma akwai fotasiyam a kirim-of-tata, su yi shawara da likitansu.

Na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. In kina zargin siliyak a jikin ɗanki, kada ki hana shi alkama kafin a yi gwajin jini, domin sakamakon na iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan.

Babbar Sallah da ta biyo baya, yarinyar ta ci kek yanka biyu, ta kwana lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.