Kowane Fayil Da Ɗakinsa

Mu da muke karatun injiniyan lantarki da na kwamfuta, yawancinmu da allon Arduino Uno muka fara koyon ba na'ura umarni. Guntun ƙwaƙwalwar da ke kansa, wato ATmega328P, ba ya jin harshen C da muke rubutu da shi. Sai wata manhaja da ake kira kompaila ta juya rubutun zuwa lambobin da guntun zai gane. A wajen juyawar nan take zubo tarin fayiloli: masu ƙarewa da .o, da .elf, da kuma .hex, wanda shi ne ake lodawa a guntun.

Malamanmu suna koya mana rubuta shiri, amma ba kasafai ake tsayawa a kan inda waɗannan fayiloli suke sauka ba. Nan kuwa ake yawan shan wahala, musamman lokacin aikin kammala karatu.

Manhajar Arduino tana ɓoye abin da ta haifa a wata foldar wucin gadi can cikin kwamfuta. A tsohon samfurinta, sunan foldar yakan canza idan aka rufe manhajar aka sake buɗewa. Mu kuma mun saba gwada da'irarmu a Proteus kafin mu kashe kuɗi a kan kayan aiki, shi kuwa Proteus sai an nuna masa inda fayil ɗin .hex yake. Idan hanyar ta canza, sai ya ƙi tashi. Idan kuma tsohon kwafi aka nuna masa, sai ya ci gaba da aiki da shi shiru. Ɗalibi ya kwana yana gyaran shiri, sakamako bai motsa ba, ya fara zargin wayoyi da batir, alhali gyaran bai ma isa ga na'urar ba.

Maganin bai da tsada. Mu ware folda guda, mu ce duk abin da manhaja ta haifa nan zai zauna, abin da hannunmu ya rubuta kuma ya zauna daban. Kusan kowane kayan aiki ya ba da wannan dama. A GCC, alamar -o ce take faɗin suna da mazaunin fayil. A CMake, -B ce take nuna foldar da za a yi aikin a ciki. PlatformIO tana zuba nata a .pio/build, ana kuma iya sauya wurin a fayil ɗin platformio.ini. Ko a Arduino akwai umarni a ƙarƙashin Sketch da yake fito da .hex zuwa foldar aikin mutum.

Da zarar an yi haka, idan shakka ta shigo sai a goge foldar gaba ɗaya a sake haɗawa, ba tare da fargabar taɓa rubutun da aka sha wuya a kansa ba. Masu amfani da Git su sa sunanta a .gitignore. Wajen tura wa abokan rukuni aiki ma, rubutun kaɗai za a aika, data ba za ta tafi a banza ba.

Ranar kare aiki a gaban malamai, za a iya ce mana mu canza abu ɗaya mu nuna a take. Wanda ya san ɗakin da fayil ɗinsa yake kwana, cikin minti biyu zai gama. Saboda haka mu tsara foldar tun ranar da muka buɗe sabon aiki, kafin mu rubuta layin farko.