Shekarar da Ke Salwanta Tsakanin Aji Shida da Jami'a

Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Katsina daga watan Agusta zuwa ƙarshen shekara zai lura da yawaitar samari a rumfunan iyayensu tun da hantsi. Yawancinsu waɗanda suka gama jarrabawar WAEC da NECO ne, suna jiran sakamako, daga nan kuma su shiga jiran gurbin karatu ta hannun JAMB. Wani jiransa wata shida ne, wani shekara biyu, wani kuwa daga rumfar nan bai sake komawa aji ba.

Akwai wani mai sayar da atamfa a kasuwar wanda wannan lamari ya tsaya wa a rai. Ɗansa tun yana aji biyar ya cinye littafin lissafi na aji shida, saboda haka shekararsa ta ƙarshe a sakandare ta tafi a maimaita abin da ya riga ya sani. Uban bai yi boko mai zurfi ba, amma hujjarsa tana da nauyi. A kasuwa, in ji shi, yaron shago mai kaifin basira ba a barinsa yana shara har wa'adi ya cika. Ana damƙa masa littafin bashi, a aike shi sari Kantin Kwari a Kano, kuma duk wannan yana cikin lissafi ranar sallama. Me ya hana makaranta yin haka?

A Amurka an yi hakan. A 1985 jihar Minesota ta yi dokar da ta ba 'yan ajujuwa biyu na ƙarshe damar ɗaukar darussan kwaleji ba tare da sun biya kuɗin karatu ba, jihar Washintan ta bi sahu a 1990. Ɗalibi yakan raba makonsa tsakanin sakandare da kwalejin shekara biyu ta garinsu, darasi guda ya shiga takardunsa a wuri biyu. Abin lura ga mai nazarin harshe, kalmar da suke kiran wannan maki da ita, wato kiredit, ita ce kuma ke nufin bashi a bakin 'yan kasuwarsu.

A nan gida abin da ya fi kusa da wannan shi ne IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita tun 1976. Ɗalibi yakan karanta darussa uku na kimanin shekara guda, idan ya ci ya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. JUPEB ta zo a 2014 da irin wannan tsari, kuma mai takardar NCE ma daga aji biyu yake farawa. Sai dai IJMB da JUPEB ba sa karɓar yaro sai ya fita sakandare, kuma daga aljihun uba ake biya. Ke nan suna rage asarar jira ne kawai, shekarar da aka ɓata a aji shida kuwa ta tafi.

Ba a ce kowane yaro ya dace da gaggawa ba, don makarantar da ke fama da ƙarancin malamin lissafi ba ta da abin da za ta tura kwaleji. Amma malamin wannan yaro ya gane abin da ke gabansa. Ya aro masa tsofaffin tambayoyin IJMB, yana duba masa bayan an tashi, ko da yake babu shafin rajista da zai rubuta makin a ciki. Da sakamako ya fito, uban ya taɓa jarinsa ya biya kuɗin IJMB. Maƙwabcinsa mai tireda, wanda 'yarsa ita ce ke biye wa yaron a aji, ya yi lissafin nasa jarin sau biyu, ya ce ta jira JAMB ta baɗi.